Ta Zo, Ta Duba, Ta Koma

Kwana uku muna zaga tsibirin Mwali
a kwalekwalen Toilibu,
injinsa na tari kamar tsohon da ya ƙi rabuwa da taba.
Duk gaɓar da muka sauka, ba kowa.
Yashi ne, sai kwakwar da ta faɗo ba mai ɗauka,
sai silifa ƙafa ɗaya da ruwa ya kawo daga wata ƙasa,
sai ƙaguwa masu gudu a karkace
kamar sun hango mai bin su bashi.

Na zo ne don kunkurun teku.
Na faɗa masa haka har bakina ya gaji.
Ya ce, "Ita ba ta san ka sayi mai ba."

A gaɓa ta huɗu, gindin wata kuka
da ta tsufa tana shan iskar gishiri,
ya nuna mini sawu:
faɗin tabarma, daga bakin ruwa har cikin ciyawa,
kamar an ja garma da dare
aka fasa shuka.
"Jiya ta hau," in ji shi. "Kana can kana minshari."

Sai muka zauna. Ya karɓe tocilata ya sa a aljihu.
'Yarsa Nadhufa ta rungume littafi da igiyar awo,
fensir a bayan kunne.
Jemagu suka wuce, manya kamar an shanya riguna a sama.
Ƙamshin kanumfari ya gangaro daga dutse
ya same mu muna kashe sauro.

Cikin duhun ne ya fara, ba wanda ya tambaye shi:
"Da can ni ne mai kifar da su.
Ka juya ta rigingine, ka tafi ka yi barcinka,
da safe tana nan, tana iyo a kan iska.
Idonta na zuba.
Masu karatu sun ce gishiri ne kawai take fitarwa.
Na yarda. Amma ni na tsaya a kanta."
Nadhufa ba ta ɗago ba. Ta sha jin wannan.

Numfashi muka fara ji,
nishin mai hawan tudu da kayan da ba a saukewa.
Sannan wani dutse ya fito daga kumfa
yana tafiya.
Ja biyu, hutu. Ja biyu, hutu.
Ruwa na gangara daga bayanta, wata na bin sa.
Ta wuce ni da taku uku, ko kallo ban ishe ta ba.

Ta fara haƙa. Yashi ya shigar mini baki,
ban tofar ba, kada ta ji.
Ta haƙa, ta haƙa,
sai ƙafarta ta ci karo da saiwa.
Ta taɓa. Ta sake taɓawa.
Ta yi shiru mai tsawo,
irin shirun macen da aka nuna wa ɗakin haya yana yoyo.

Ta juya.
Duk wahalar nan, ta mayar da ita ruwa,
da ƙwayayenta a ciki, ko ɗaya ba ta bar mana ba.
Igiya ɗaya ta rufe ta. Ta biyu ta share inda ta bi.

Nadhufa ta rubuta kalma shida:
ta zo, ta duba, ta koma.

Ni kuwa ko hoto babu.
Na buɗe baki zan yi ƙorafi,
na tarar Toilibu ya durƙusa cikin ramin
da wata tsohuwar wuƙa mai ƙotar ƙashi,
yana yanke saiwar, a hankali, kamar mai yi wa jariri aski.
Ban tambayi abin da wuƙar ta saba yanka ba.

"Gobe za ta dawo?"
Ya goge ta a cinya, ya dubi teku.
"Ko gobe, ko wata gaɓar. Ba ni take yi wa alkawari ba."

Har yau, in na ciji haƙori,
ina jin ƙwayar yashin nan tana amsawa.